Tuwon Kabeji da Ƙafafun Baba Garba

Ranar Juma'ar da ta wuce 'ya'yan ƙanwata biyu suka same ni a ɗakin girkina da ke unguwar Zahir ina gogar kabeji. Suka tsaya a kaina, kowacce da wayarta a hannu. Babbar ta ce da Hausarta mai gauraye da Larabci, "Ya hala, mu ma za mu fara wannan shugul ɗin naki na girki. Mun gani a waya, ba wuya. A hana tsoho shinkafa, a hana shi burodi da sukari, halas, ya rame." Na dubi hannunta, hannun da ko albasa sai an kai ruwa rana yake yankawa, na ce ta jawo kujera. Abin da na gaya musu ranar shi nake rubutawa, don na san ba su kaɗai ke wannan tunani ba.

Sana'ata ita ce dafa wa tsofaffi masu ciwon zuciya abinci, waɗanda likita ya ce su rage ƙiba, su rage tuwo da shinkafa da taliya da burodi, su bar gishiri. Na kusa shekara ashirin ina yin ta a garin nan na Makka. A hannun Inna Falmata na koya, wata 'yar Nijar daga wajen Gure, gajeriyar mace mai kaifin ido. Ko harafi ɗaya na takardar likita ba ta iya karantawa, amma na san likitoci biyu da ke cewa iyalan marasa lafiyarsu su neme ta.

A wani gida muka haɗu a unguwar Misfala. Na zo daga Kano da iƙama, wato takardar izinin zama, ta aikin gida, shara da wanki da guga. Kakar gidan zuciyarta ta kumbura, sai 'ya'yanta suka ɗauko Inna ta riƙa dafa mata nata daban, ni kuma aka ce in riƙa wanke mata tukwane. Wata uku ina wanke tukunya da ganye ba ta bar ni na taɓa ludayi ba. Ranar da ta ga dama, ta ajiye mini rabin kaza ta ce, "Ɗiyata, cire fatar ki yi mini farfesu. Ba gishiri, ba dunƙule. Kuma so nake in shanye kwanon." Na yi dariya a raina, don a gidanmu na Kano ana yabon hannuna. Ta ɗanɗana ta ture. Washegari ta ture. Sai da ta ture sau tara, kuma kowanne ni take sa wa in shanye, wai don in san abin da nake shirin ba uwar wasu. Gaskiya ruwan zafi ne da kaza ta yi wanka a ciki.

Sannan ta nuna mini. A soya albasa a hankali da cokali ɗaya na man zaitun har ta yi ja, zaƙinta ya fito. A gasa tumatir kafin a markaɗa. A huda busasshen lemon tsami, irin wanda mutanen nan ke jefawa a kabsa, dafa-dukarsu ta shinkafa, a sa shi a romo. Citta, tafarnuwa, kimba, masoro, da 'yar daddawar da ba a daka ta da gishiri ba. Ta ce harshen tsoho abin da zai tashe shi yake nema, in ka ba shi tsami da ƙamshi sai ya daina cigiyar gishiri. Wannan ma don na matsa mata ne ta faɗa, domin Inna ba ta yawan bayani. Abin da za ta yi sai ta yi, wanda ba za ta yi ba sai ta bari, ke kuma ki sa ido. Na koyi abubuwa da yawa ta haka, kuma ta haka ne abu ɗaya ya wuce ni, wanda ya kusa jawo mini asarar rai.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙaramin sikeli na awon abinci. Akwai finjali, ɗan kofin gahawa, shi ne ma'aunin shinkafa ko wake ga wanda likita ya bar wa kaɗan. Sai magogi, da madambaci, da farin ƙyalle na matse kabeji. Sai ƙaramin faranti, domin loma biyar a babban faranti kamar zagi ne, a ƙarami kuwa sai tsoho ya ga an cika masa. Sai sikelin da mai jiki ke hawa kowace safiya kafin ya karya. Na ƙarshensu babban yatsa. Inna ba ta shiga gida ta zarce ɗakin girki. Sai ta gaida mai jiki, ta durƙusa kamar mai gyara mata zani, ta danna ƙaurinta da yatsa. In namiji ne ta sa ɗansa ko 'yarsa su danna tana kallo. Idan wurin ya loɓa bai taso da wuri ba, to ruwa ne ya taru a jiki, ba kitse ba, sai ta ce a kira likita kafin ta ɗora tukunya.

Tuwon kabeji kuwa, wanda kuka ga ina yi kuna toshe hanci, ga yadda yake. A goge kabejin, a turara shi, a juye a ƙyalle a matse ruwan tas har hannu ya yi tsami. A mayar tukunya da cokali biyu na garin shufan, hatsin nan da ake sayarwa a kowane shago a garin nan, a tuƙa da muciya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ya kama ƙafar tuwon masara. Amma ana mulmula shi, ana gutsura, ana dangwalar miya. Inna ta ce mutuminmu in bai gutsura da hannu ya dangwala ba, ko rago ya cinye zai ce maka yau bai ci abinci ba. Kuma dole a naɗe malmalarsa a leda kamar ta kowa, a kai masa lokacin da kowa ke ci, ya zauna cikin iyalinsa. Ta sha yi wa 'ya'yan masu kuɗi faɗa a kan ajiye wa ubansu tire shi kaɗai a ɗaki, su kuma suna falo suna ɓarar mandi, shinkafa da gasasshen rago, yana jin ƙamshi.

Bayan kakar gidan Misfala ta rasu, aka mayar da iƙamata ƙarƙashin wani ƙaramin gidan abinci da ke dafa wa marasa lafiya, inda Inna take. Nan na ga mutane iri-iri. Akwai Alhajin da ya ji an ce a bar shinkafa, sai ya koma wa kitsen jelar rago da man shanu, wai ai nama ba laifi. Ya ɗan saɓule, amma da likita ya ga gwajin jininsa sai da ya riƙe kai. Mai ciwon zuciya kifi ne nasa, da kaza ba fata, da ƙwai daidai misali, da ganye. Akwai mai shan maganin sukari, wanda in kika yanke masa tuwo rana ɗaya likita bai rage masa magani ba, sai a tsince shi a ƙasa. Akwai mai shan maganin tsinka jini, shi kuma ba a tula masa zogale yau gobe a hana shi. Shi ya sa Inna ba ta karɓar aiki sai an karanta mata takardar likita, an zazzage ledar magunguna a gabanta. Ba ta kuma yarda tsoho ya zube da sauri. Ta ce wanda ya rame a wata guda naman cinyarsa ne ya tafi, gobe sai ya yi sujada ya kasa tasowa.

Wata Hajiya na tuna, mai son dabino. Kun san garin nan, ba a miƙo maka gahawa ba dabino, ba a kuma mayar da hannun mai bayarwa, balle a Harami. 'Ya'yanta sun yi faɗan har sun gaji. Inna ba ta hana ta ba. Ta ɗinka mata 'yar jaka ta ce, "Hajiya, karɓi ki yi godiya, ki ci ɗaya, saura ki zuba nan ki kai wa jikoki." Shi ke nan aka zauna lafiya, jikoki kuma suka riƙa tare ta tun daga bakin ƙofa.

Mummunar shekararmu ita ce ta korona. Aka rufe Harami, aka hana fita, ba mai shiga gidan wani balle ya kai abinci. Tsofaffina uku suka rasu ban ko je gaisuwa ba. Inna kuma zaman wuri ɗaya ya gama da gwiwoyinta, ta ajiye aiki ta koma wurin ɗanta a unguwar Ka'akiyya, daga ɗaki sai tabarmar tsakar gida. Da aka buɗe gari aiki ya dawo har ya fi ƙarfinmu, don watanni mutane suna zaune a kan shinkafa da taliya da fulawar da masu alheri suka riƙa rabawa, Allah ya saka musu. A cikin waɗanda aka kira ni dominsu har da Baba Garba.

Baba Garba Basakkwace ne, shekara talatin da ɗoriya yana tura arabiya a Harami, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa ƙarfi a yi ɗawafi da sa'ayi da su. Mutumin da ke zirga-zirga tsakanin Safa da Marwa tun safe har yamma ba a yi masa awon abinci. Tamis guda, faffaɗan burodin nan, yake tashi da shi da safe da kwanon ful, wato dafaffen wake, da shayi mai sukari, rana kabsa, dare tuwo, kuma duk jikinsa ya ƙone su. Da aka rufe Harami ƙafa ta tsaya, baki bai tsaya ba. Ranar da na fara ganinsa a gidan 'yarsa Hanan a Ka'akiyya, daga gado zuwa banɗaki sai ya huta a hanya yana haki. Likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, sai ya sauke nauyi, kuma ba shi ba ɗawafi da ƙafa sai ranar da ya ba shi izini. In yana so, a tura shi a arabiya.

Ya dube ni ya ce, "Hajara, ni da nit tura bayin Allah shekara talatin, yau ni za a ɗora a tura? Ki ba ni ko ciyawa ce in ci. Ni dai in kewaya Ɗakin Allah sau bakwai da ƙafata, ko da shi na na ƙarshe."

Ban taɓa samun mai jiki irinsa ba. Tuwon kabejin da wasu ke ci suna tsaki, shi sai ya yi bismilla ya share, ya ce Allah ya yi mini albarka. Shayinsa ya koma ba sukari, tamis ya koma kwata, sau biyu a mako. Kowace safiya Hanan ta ɗora shi a sikeli ta turo mini hoton lambar. A wata huɗu ya sauke kilo tara, a hankali yadda ake so. Ya fara takawa zuwa masallacin bakin layi. Likita ya ce in aka ci gaba haka, nan da wata biyu zai bar shi ya gwada. Ni kuwa kaina ya fara girma, ina jin ko Inna iyakar abin da za ta yi ke nan.

Abu ɗaya ke damunsa, kumburin ciki. Kabeji da wake ba sa barin tsoho ya sake. Ana haka yayata ta zo Umra daga Kano ta kawo mini tsaraba, kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, da wani dunƙulen jar kanwa mai kyau. Na yi murna ƙwarai. Na fara jefa 'yar kaɗan a miyar kuɓewa don ta yi yauƙi, da cikin wake don ya nuna da wuri, kamar yadda kowace mace take yi a gida. Sannan na tuna abin da iyayenmu ke yi wa mai kumburin ciki. Na jiƙa kanwar a kofi na ba shi ya sha bayan abinci. Ya yi gyatsa mai ƙarfi, ya ce rabonsa da jin daɗin cikinsa haka tun yana Sakkwato. Daga nan kullum sau biyu, rana da yamma, shi da kansa yake tuna mini.

Ba a yi kwana goma ba lambar sikeli ta juya. Kilo ɗaya, biyu, har huɗu. Hakin ya dawo, kwanciya ta gagare shi sai an tara masa matasai. Hanan a Makka aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce. Ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ya hala Hajara, abuya kullum yana zid, nauyinsa na ƙaruwa. Daktur ya ce moya ce, ruwa ne a jikinsa, ya ce akwai gishiri da yake shiga. Me kike sa masa?" Muka koma asibiti tare. Likita ya bi ni da tambaya ɗaya bayan ɗaya. Gishiri? Dunƙule? Cuku? Zaitun na kwalba? Abincin gwangwani? Na rantse masa babu ko ɗaya, kuma a iya sanina gaskiya na faɗa. Ya ƙara masa maganin fitar da ruwa, ya ce maganar ɗawafi a ajiye ta tukuna, kuma a bincika, wani yana ba shi wani abu.

Zargina ya tafi kan abokansa, tsofaffin masu tura arabiya da ke zuwa hira bayan la'asar. Na ce lallai su ke shigo masa da ful ko kilishi a aljihu. Ban tsaya nan ba. A gaban 'yarsa na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah. Ina nan ina matse kabeji har hannuna na ciwo, kai kuma kana ci a ɓoye. Me suke kawo maka?"

Ya dube ni ya ce, "Hajara, ni da nib bar tuwo wata huɗu don Ɗakin Allah, ni za ni ɓoye wake in ci? Wallahi ban sa komi bakina ba sai abin da kib ba ni."

Ban yarda ba. Hanan ta ce wa abokan su dakata da zuwa. Aka hana shi hira, nauyi kuma bai fasa hawa ba. Bayan kwana uku na kai masa abinci na tarar ya juya fuska bango. Bai ko waiwayo ba ya ce, "Ku ce a kawo arabiyar. A tura ni kawai, tun da sauran numfashi." Wannan magana ta tsorata ni fiye da lambar sikeli. Na ajiye girman kan da na ɗauko, na tafi wurin Inna.

Ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, sannan ta ce a miƙo mata sandarta. Tsakanin gidajen layi uku ne, amma sai da mijin Hanan ya zo da mota. A bakin ƙofa ta tsaya tana kallon takalman Baba Garba, ta nuna mini maɗaurin da aka sassauta har ramin ƙarshe. Ta shiga ta gaishe shi, ta sa Hanan ta danna ƙaurinsa, wurin ya loɓa ya zauna. Sai ta ce a kai mata kujera ɗakin girki. Ta ce, "Dafa abin da kike dafawa kullum. Kar ki yi mini gwaninta."

Ranar kifi na gasa da miyar alayyahu, ba abin da ya nemi kanwa. Ta bi hannuna da ido tun daga albasa har kwashe tuwo, ta ɗanɗana. Baba ya ci kaɗan ya ture. Ina kwashe kwanuka sai ya ce, "Hajara, ina maganin cikin nan nawa?" Na ɗauko kofin da na jiƙa tun safe zan wuce da shi, Inna ta sa sanda ta tare ni. Ta karɓa ta shinshina, ta tsoma yatsa ta ɗora a harshe.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Mako biyu ke nan, Inna. Kanwa ce kawai, saboda kumburin ciki."

"Shekara nawa kika yi kusa da murhuna?"

"Goma sha ɗaya."

"Kin taɓa ganin kanwa cikin kayana?"

Na tsaya ina tunani. Ban taɓa gani ba, ko sau ɗaya. Ni kuma duk shekarun nan na ɗauka don tana wuyar samu ne a Makka.

Ta ce, "Ni a ƙasar kanwa aka haife ni, ɗiyata. In ruwan tafki ya janye, wuri ɗaya muke kankaro ta da gishiri. 'Yan gida ɗaya ne. Ba ki ga in dabba ta lashe ta yadda take bin ruwa ba? Abin da gishiri ke yi wa mai zuciya, shi take yi. Kin hana shi a cokali kin ba shi a kofi."

Na zauna a ƙasa. Kunya da tsoro suka rufe ni, don da hannuna na riƙa miƙa wa bawan Allah nan abin da ke cika masa ƙirji da ruwa, yana sa mini albarka, sannan na dawo na ce masa maci a ɓoye. Na jira Inna ta wanke ni tas, kuma da ta yi ban ga laifinta ba. Sai ta ce, "Laifin nan da nawa a ciki. Na bar ta ban taɓa gaya miki dalili ba, na ɗauka ido ya isa." Tsohuwar da ta haura saba'in, a gidan mutane, a gaban 'yar mai gida, ta ɗauki rabon laifin almajirarta ta ɗora wa kanta. Ban taɓa ganin girmanta kamar ranar ba.

Ta juya wurin Hanan ta ce ta ɗauki dunƙulen kanwar ta kai wa lokotoro, wato likita, yau ɗin nan, in bai gane ba ta ce masa aɗrun, yadda mutanen Sudan ke kiranta. Sannan ta dube ni ta ce, "Tukwane za su jira. Tashi ki je wurin mutumin da kika ƙaryata."

Na durƙusa a bakin gadonsa na gaya masa komai, na roƙe shi gafara. Sai ya ce, "Ai na gaya miki, abin da kib ba ni shi nic ci. Na yafe, don alheri kin nufa. Amma ki tai da kanki ki kira mini abokaina, su ma an ɗora musu abin da ba su yi ba." Na bi su gida-gida, su huɗu, na ba su haƙuri. Ɗayansu sai da ya ja mini rai kwana biyu.

Likita da ya ji aɗrun ya gane nan take. Hanan ta ce tun daga ranar duk mutuminmu da ya zo wurinsa, bayan ya tambayi gishiri da dunƙule sai ya ƙara da "Fi kanwa?" da Hausarsa ta dole, wai ko ana shan kanwa. Da aka daina, ga kuma magani, cikin mako guda ruwan ya sauka. Kumburin cikin kuwa Inna ta ce a jiƙa wake ya kwana a zubar da ruwan, a turara kabeji ya nuna sosai, a dafa masa citta ya sha. Ragowar kanwar ita ce kuka gani a kan kantata cikin kwalba. Ba don miya na ajiye ta ba. Duk wadda ta zo koyon aiki ita nake fara nuna mata, in faɗa mata da baki, tun kafin ta taɓa ludayi.

Sai da aka ƙara wata uku, sanyi ya shigo, sannan likita ya ba da izini. Ya ce a hawa na sama inda ba turereniya, ko da ya fi nisa, ya huta bayan kowane zagaye, kuma ya riƙe wani abu da zai dogara da shi. Baba Garba ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce abu ɗaya ya iya riƙewa a duniya. Amma ya ce arabiya in ba kowa a ciki gudu take yi ta bar mutum, sai da nauyi take riƙe mai tura ta. Ya sa aka kai shi wurin Inna, wadda rabonta da ɗawafi tun kafin korona, don ita ma ta ƙi yarda a tura ta.

Ta ce, "Malam Garba, ni ba na hawa keken nan."

Ya ce, "Ba don ke ba ne, Hajiya, don ni na. Likita yac ce in dogara da wani abu. Ki taimaka ki zama mini nauyi."

Ta harare shi, ta ce tunda aikin jinya ne za ta yi.

Da hantsi muka shiga, ni da Hanan muna biye da gorar ruwa. Hannunsa na kama mariƙin keken sai na ga wani mutum daban. Kafaɗa ta miƙe, taku ya daidaita, yana kauce wa mutane tun kafin su san zai wuce. Bayan kowane zagaye ya tsaya ya huta, Inna na daga zaune tana sauraren numfashinsa, sai ta ce "mu je" sannan ya ɗaga ƙafa. A na biyar ya daɗe a tsaye yana haki. Hanan ta ce, "Abuya, halas, ya isa." Ya girgiza kai. Inna ta ce a bar shi, hakin gajiya ne, ta san bambancinsu.

Da ya cika na bakwai ya juya keken ya fuskanci Ka'aba, ya saki mariƙin, ya ɗaga hannuwansa biyu sama yana tsaye a kan ƙafafunsa, ba ya dogare da komai. Ni dai kuka nake, ban ɓoye ba. Inna ta bar shi har ya shafa, ta goge idonta da bakin mayafi, sannan ta ce, "Hanan, danna mini ƙaurinsa in gani."

Hanan ta durƙusa a kan marmarar nan ta danna da babban yatsa, ta ɗaga. Dukkanmu muka sunkuya muna kallo. Naman ya taso.